Taswirar Siminti a Tsakar Gidana

Ni birkila ne. Karatuna a fom tu ya tsaya, shekarar da babana ya rasu aka miƙa ni hannun kawuna in riƙa ɗaukar kwanon yashi. Gidaje da yawa da ma'aikatan Abuja ke kwana a ciki a nan Keffi, tsakanin Gangaren Tudu da Jigwada, ni na ɗora musu bulo, kuma da zarar sun tare sai su daina gane ni a hanya. Na taɓa gina wa wata makarantar kuɗi azuzuwa har da ɗakin karatu, amma 'ya'yana a ta gwamnati suke, inda taga ba ta da murfi.

'Yata ta biyu tana aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin da ta dawo gida da labarin gasar sanin ƙasa. Za a fara ta jiha a Lafia, wanda ya ci ya wuce Abuja ya kara da yaran sauran jihohi. Kowace makaranta ɗalibi ɗaya za ta tura. An yi ta tacewa a makarantarsu har saura mutum biyu, ita da wani yaro ɗan ajinsu wanda babansa ke aiki a wata ma'aikata a Abuja. Kujera ɗaya, yara biyu. Na ce a raina wannan kujerar 'yata ce za ta hau ta.

Na ce ta faɗa mini abin da ta sani. Ta miƙe ta haɗa hannu a baya ta jero jihohi da manyan biranensu tiryan-tiryan, kamar yadda ake rera musu tun firamare, ba ta ko haɗiye yawu ba. Mamanta ta ce, "Ka ji ko? Kan uwarta ta ɗauko."

Na ce, "To ina Ebonyi take?"

"Bayan Delta, kafin Edo."

"Ba a cikin layi ba. A ƙasa. In kin tsaya a nan, ta wane gefe za ki nufa?"

Ta duba gabas ta duba yamma. Ni ma da ta mayar mini da tambayar da dube-duben zan yi, amma ban nuna mata ba.

Washegari kafin in wuce aiki na biya makarantar. Malaminsu saurayi ne, bai girmi ɗana na fari da yawa ba, rigarsa a goge amma wuyanta ya fara cinyewa. Ya ce mini za a yi musu gwajin raba gardama. Za a ba kowanne zanen Najeriya fanko, babu suna ko ɗaya, ya cike jihohi da manyan koguna. Wanda ya fi, shi ne mai zuwa Lafia.

Na ce, "Ina taswirar da kuke koya musu da ita?"

Ya kai ni ofishin firinsifal. Tana rataye a bayan kujera, ta yi ja don tsufa, gara ta ci gefen teku. Na matsa na nemi Keffi na same ta zaune a cikin Filato.

"Malam, wannan taswirar ai ta girmi jihar da za a je yi wa gasar."

"Baba, na sani. Na yi magana har na gaji."

"Shi ɗaya yaron da me yake karatu?"

"Akwai kwamfuta a gidansu."

Na ɗauki jakar kayan aikina na fita.

Maƙwabcina mutumin Anambra ne, yana da shagon kayan babur a bakin titi, ya daɗe a Keffi har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya ciro mini kalandar wani kamfanin man inji daga bangon shagonsa, mai hoton Najeriya da jihohinta cif, kowace da launinta. Matsalar ita ce taswirar ba ta wuce tafin hannuna biyu ba. Jihohin kudu sun cunkushe kamar wake a gwangwani. Yarinyar takan zura mata ido da yamma, ta haddace, da safe in tambaye ta sai ta ba Imo wurin Abiya. Haka muka yi ta yi, ranar gwaji tana matsowa.

Ni na san kaina. In injiniya ya miƙo mini zanen gida a takarda, kallonsa kawai nake yi. Sai an kafa turaku, an ja igiya, na taka da ƙafata daga falo zuwa kicin, sannan gidan ke shiga kaina, kuma in ya shiga ba ya fita. Na ce watakila 'yar tawa ta ɗauko wannan a wurina, ko da uwarta ba za ta yarda ba.

Ina da ragowar siminti da wani mai gida a Panda ya bar mini bayan na gama masa filasta. Tsakar gidanmu kuma daɗaɗɗen daɓe ne da ya farfashe, da ma yana neman gyara. Ɗakunanmu suna arewa da baranda a gabansu, ƙasar ta gangara kudu, inda kwata da bayan gida suke jikin katanga. Da na tsaya na duba sai na ga abin ya yi daidai da kansa. Kogin Neja da na Binuwai kudu suke gangarawa su faɗa teku. Tsakar gidana ma kudu take zubar da ruwa. Rana tana fitowa ta gefen da Borno ya kamata ya zauna. Ba ni da abin da zan juya.

Na ja wa kalandar layuka gida-gida kamar na dara, na ja irinsu da igiya a ƙasa, manya, kamar zan fitar da harsashin gini. Ranar Asabar na kwaɓa siminti na zuba, ina bin gida ɗaya bayan ɗaya, abin da na gani a ƙaramin in kwafe shi a babban. Iyakokin jihohi da ƙusa na tsaga su tun simintin yana ɗanye. Kogunan biyu na ƙwaƙule su da ƙotar cokalin gini, da zurfi, na haɗa su a Lokoja, na sake su su rarrabu kafin bakin kwata. Kowane babban birni na danna masa marfin kwalba. Suna kuwa ban rubuta ko ɗaya ba, tunda a gwajin ma babu.

Maman yara ta tsaya a ƙofar ɗaki da tiren alabo a ka. "Baban yara, ni kuma a ina zan yi shanya?"

"Ki shanya a Borno, akwai fili."

Maƙwabcin ya leƙo ta kan katanga ya daɗe yana kallo. "Injiniya, ina Anambra?"

Na nuna masa da cokali.

"Haba. Duk faɗin gidan nan sai kusa da kwata ka ajiye mu?"

"Ba ni na ajiye ku ba, nan na same ku."

"Su 'yan Legas fa, har sun shiga ƙofar bayan gida. To na yafe."

Da simintin ya bushe muka fara. Wurin wanke-wanken 'yata a bakin baranda yake, nan take zama safe da yamma, taswirar shimfiɗe a gabanta. Ina kiran jiha tana jefa tsakuwa. In ta kuskure ta tashi ta taka da ƙafa daga Nasarawa har wurin, tana faɗin duk jihar da ta ratsa. Ruwan wanke-wanke kuma na hana a watsar, sai dai ta zuba shi a Kebbi ko a Adamawa ta bi shi da ido har ya fita. Farkon damina ne. Ranar da aka yi ruwan kirki dukanmu muka tsaya a baranda muna kallon kogunan biyu sun cika sun haɗu sun nufi kwata, ɗigo bai shigo ɗaki ba. Kafin mako ya zagayo tsakuwarta ta daina kuskure. Ko Ekiti da Osun ba sa ruɗa ta. Na ce an gama.

Ranar gwajin ta dawo idonta jawur, ta wuce ɗaki ba ta gaishe ni ba. Mamanta ta yi ta lallashi, yarinyar ba ta faɗi komai ba sai cewa ba ta gane takardar ba. Na ce wane irin ba ki gane ba, ƙasar da kike takawa kullum? Ta juya fuska bango.

Da la'asar malamin ya zo a kan babur. Ya ce da aka raba takardu yarinyar ta daɗe tana kallon tata kamar ba ta taɓa ganin Najeriya ba. Can sai ta juya takardar, ƙasa ta koma sama, ta kama rubutu da sauri. Firinsifal ya gani ya buga tebur, ya juyar mata da ita, ya ce nan ba wurin wasa ba ne. Daga nan komai ya dagule mata.

"Amma Baba, waɗanda ta rubuta kafin a juyar mata, duk daidai ne. Shi ya sa na zo. Da me take karatu?"

Na kai shi baranda na nuna masa. Ya tsaya inda take zama ya duba. Ya sauka ya zagaya ta gefen Kwara da Oyo har ƙofar bayan gida, ya juyo ya fuskanci ɗakunan, sai ya dafe kai ya yi dariya. Ba dariyar raini ba ce, da na sallame shi.

"Daga nan ne take daidai. Daga inda take zama, a kife take ganinta. Sakkwato a gindin ƙafarta, teku can nesa. A takarda kuwa arewa ce a sama."

"Malam, ina arewa take a gidan nan?"

Ya nuna ɗakunan.

"Ina na sa Katsina?"

"A nan ɗin."

"To ina kuskuren?"

"Ba a ƙasa yake ba, Baba. A wurin zama yake."

"Wa ya ce arewa ce sama? Ni sama na san inda hadari yake."

"Haka aka saba zanawa, kuma haka za ta tarar. A Lafia ma ba takarda za a ba su ba. A bango ake rataye taswirar, a miƙa wa yaro sanda, a kira suna ya nuna. Takarda ana juya ta, bango fa?"

Har yau ban yarda taswirata ce ta karkace ba. Da rana da ruwan sama duk sun shaida mini. Amma bango ba ya juyuwa, wannan ni na fi shi sani. Malamin ya ce shi ma yaron bai taɓuka abin kirki ba a wajen koguna, don haka ya roƙi firinsifal a sake gwajin mako mai zuwa, wannan karon a allo da sanda. Firinsifal ya yarda da ƙyar, ya ce daga shi babu wani.

Bayan tafiyarsa 'yata ta fito ta ce ita ta haƙura, a bar wa yaron.

"Saboda me?"

"Jemage suke ce mini a aji. In na shigo sai su karkata kai suna leƙo ni ta ƙasa."

"Su da ba jemagu ba, wa ya kai mutum biyun ƙarshe a cikinsu?"

"Baba, ni dai na gaji."

"Ni da aka cire ni daga makaranta ba wanda ya tambaye ni ko na gaji. In yaron nan ya fi ki a gaban allo, ya tafi, zan gaishe shi da kaina. Amma ba za ki miƙa masa kujera daga cikin ɗaki ba."

Maman yara ta ce in fasa daɓen in sake zubawa, in sa teku a bakin baranda. Na ce in na yi haka koguna za su hau tudu, ko kuma in sake gangaren gidan duka ruwa ya riƙa kwana a ƙarƙashin gadonmu. Simintin ma babu. Tunda ƙasar ba za ta juya ba, yarinyar ce za ta juya.

Na tono tsofaffin langa-langa daga bayan ɗakuna na kafa su a gaban baranda, tsawon mutum, yadda duk wanda ya fito daga ɗaki ba zai ga tsakar gida ba. Na bar siririyar hanya ta jikin katangar yamma. A can kudu, tsakanin kwata da ƙofar bayan gida, na jera bulo na yi ɗan dakali, na kwashe bahon wanke-wanke da kwandon kwanuka na kai can. Na ce daga yau ba a kallon Najeriya sai daga nan.

Wurin ba daɗi. Da rana ta yi zafi wari yake tashi, ga sauro da yamma. Maƙwabcin ya sake leƙowa ya ga langa-langar ya ce, "Injiniya, an rufe boda ke nan? Sai da fasfo?" Ban kula shi ba.

Kwanakin farko abin ya fi da lalacewa. Tsohon gani da sabo suka haɗu a kanta suna kokawa. In na ce Borno bakinta ya ce dama, hannunta ya tafi hagu. Jihohin da take jefa wa tsakuwa ido rufe, yanzu sai ta tsaya tana rarraba ido. Ni kuma ba ni da haƙurin koyarwa, yadda kawuna ya koya mini gini da tsawa haka na iya. Wata yamma na ɗaga murya har ta saki sandar da take nuni da ita ta fashe da kuka.

Mamanta ta fito ta zagayo ta jikin katanga, ta tsaya a gabana. "Ba bulo ba ce da za ka buga ta da cokali ta zauna. Tashi ka ba ni wuri."

"Ke da ko rubuta sunanki sai an riƙe miki hannu?"

"Na ji. Tashi."

Na koma gefe na zauna a kan bokiti. Ita ba ta san jerin jihohi ba, don haka ba ta kira su da suna ba. Sai ta ce, "Nuna mini inda mai shagon nan yake tafiya da Kirsimeti." Yarinyar ta share hawaye ta nuna Anambra. "Inda ƙanena ya yi aikin soja." Ta nuna Yobe. "Inda matar fasto ta fito." Taraba. "Inda ake kawo mana lemo da doya." Binuwai. In mamar ta rasa mutum sai ta leƙa ta tambayi maƙwabci wa ya sani a Kuros Riba, shi kuwa ba jihar da ba shi da abokin ciniki ko suruki a ciki. A hankali hannun yarinyar ya daina gardama da bakinta. Ba ta da saurin da, amma in ta nuna ta nuna.

Malamin ya sake biyowa sau ɗaya ya kawo alli. Ya ce bayan ta duba ta ƙasa ta riƙa zana ta a tsaye a jikin langa-langar, don idonta ya saba da bango. Zanen farko ya fi kama da tulun da ya faɗi. Ta goge ta sake, ta goge ta sake, har alli ya ƙare ta koma gawayi.

Ranar gwaji na biyu na ce wa mai aikin da nake yi wa katanga a Jigwada zan makara. Ban shiga makarantar ba, na tsaya a bayan ajin da jakata a kafaɗa, tunda tagar ba murfi komai a fili yake. Malamin ya zana Najeriya babba a allo. Firinsifal yana zaune da takarda yana kiran suna, yaran aji sun cika bencina. Da 'yata ta tashi wani daga baya ya yi kukan jemage, aka yi dariya, firinsifal ya ɗaga kai aka yi tsit.

Yaron ne ya fara. Gaskiya yaro ne mai kai, ba zan ɓata shi don babansa na da mota ba. Kafin a rufe baki sandarsa ta sauka. Saurin ne ma ya cuce shi, ya ba Gombe wurin Bauchi, ya haɗa Abiya da Imo, da aka ce ya bi kogin Binuwai daga inda ya shigo ƙasar sai ya fara daga Makurɗi.

'Yata kuwa duk sunan da aka kira sai ta ɗan tsaya, leɓenta yana motsi, har firinsifal ya fara buga biro a tebur. Sannan ta ɗaga sandar. Zufa ta jiƙa mini riga kamar ina kwaɓa kankare. A Kogi ta kai hannu hagu, ta tsaya, ta dawo da shi tsakiya. A Ondo ta faɗi, ta nuna Ogun. Da aka zo koguna ba ta tsaya ba sam, ta ɗora sandar a Kebbi ta gangaro da ita har teku, ta koma Adamawa ta sake gangarowa.

Firinsifal ya duba takardarsa ya duba malamin. Ya ce, "Ke za ki je. Amma ki rage wannan tsayuwar, a Lafia da agogo ake yi." Yaron ya zo ya miƙa mata hannu. Ta juyo ta hango ni ta taga, na yi mata alama da kai ta zauna, na wuce Jigwada.

Malamin ne ya raka ta Lafia, iyaye ba a gayyace su ba. Ba ta kai Abuja ba. Ta ce a taswirar Najeriya ba wanda ya wuce ta, agogon ma bai kama ta ba. Abin da ya fitar da ita zagaye na gaba ne, da aka rataye ta Afirka aka fara tambayar ƙasashe da tafkuna da duwatsu. Wata yarinya daga makarantar kuɗi ce ta tafi.

Na ce, "Baɗi kina aji uku. Ana barin 'yan aji uku su shiga?"

"Ana bari."

"Za ki?"

"In akwai Afirka."

Tsakar gida ta cika. In na bi ma'aunin da na fara da shi, Nijar tana ƙarƙashin ɗakinmu, Kamaru tana cikin gidan maƙwabci. Amma akwai fili a bayan ɗakuna inda maman yara ke shuka kuɓewa da yakuwa. Na auna shi da igiya, zai ɗauki Afirka in an matse ta. Na yi mata maganar ta ce in na taɓa mata kuɓewa sai dai in riƙa cin tuwo da siminti. Kuɓewar ta kusa gama 'ya'ya, yashi kuma na riga na fara tarawa.